Ƙaramar tashar jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Kubwa: gini ya yi, hidima da saura

Layin dogon da ya haɗa Kaduna da Abuja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Yulin 2016, yana da tsawon kilomita 186, kuma baya ga manyan tashoshin Rigasa a Kaduna da Kubwa da Idu a Abuja, akwai ƙananan tashoshi na karkara irin su Kakau, Rijana da Jere. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙanana nake son in auna, da ma'aunin mutanen ƙauyen da aka gina ta a gefensu.

Ta fuskar gini babu abin kushewa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya shimfiɗa layin, ya yi aiki mai kyan gani: akwai ɗakin jira da kujeru, akwai dandamali mai faɗi inda fasinja zai tsaya cikin natsuwa, kuma babu turereniya da hayaniyar da aka saba gani a Rigasa idan lokacin tashin jirgi ya gabato. Ma'aikatan ma suna da sakin fuska, suna amsa sallama da tambaya yadda ya kamata.

Sai dai wanda ya zauna ya lura zai gane cewa tashar ta fi yi wa jirgin amfani a kan mutanen gari. Layin ɗaya ne tal, don haka a irin waɗannan wurare ne wani jirgi yake raɓewa ya jira har ɗan'uwansa ya wuce. Za ka ga fasinjojin birni suna leƙowa ta taga daga cikin sanyin na'ura, yara kuma suna ɗaga musu hannu daga bakin gona, sannan jirgi ya yi kuwwa ya kama hanya. Ba kowane jirgi ne yake ɗaukar mutane a ƙaramar tasha ba, kuma manomin da ya tara buhunan citta ko masara ba shi da rabo a taragon fasinja, dole ya nemi mota ya bi titin Kaduna zuwa Abuja kamar yadda ya saba.

Batun tikiti ya ƙara nisanta shi. Tun farkon 2021 aka koma sayarwa ta intanet, abin da ya taimaka wajen rage 'yan sama-da-faɗi a manyan tashoshi, amma dattijon da wayarsa ta kira ce kawai, sai ya nemi yaro mai babbar waya. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na shekarar, an wajabta lambar katin ɗan ƙasa kafin sayen tikiti, an kuma ƙara jami'an tsaro. Wannan mataki yana kan hanya, domin rai ya fi komai, ko da yake ya ƙara wa ɗan ƙauye wani hawa.

Duk mai niyyar hawa daga ƙaramar tasha, ya fara tabbatarwa daga bakin ma'aikata cewa jirgin ranar zai tsaya ya ɗauki mutane, kafin ya biya ɗan acaɓa. In ba haka ba, gara ya yi sammako zuwa Rigasa da tikitinsa a waya.