Sandar tuƙi ko linzami? Sharhi kan Thrustmaster T.16000M a wasan Elite Dangerous

Na gwada hanyoyin biyu a Elite Dangerous, wasan tuƙa jiragen sararin samaniya da kamfanin Frontier Developments ya fitar a Disambar 2014: linzamin kwamfuta da kibod a gefe guda, sai kuma sandar tuƙi samfurin Thrustmaster T.16000M FCS tare da toturinta mai suna TWCS. Hukuncina shi ne linzami ya fi sanda iya saiti, sanda kuma ta fi linzami iya tuƙi. Wanda ke son samun duka biyun ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, ya sayi sandar ita kaɗai, ya mayar da ita hannun hagu, ya bar linzami a dama.

Dalilin yana cikin yadda jirgin yake motsi. Jirgin sama na duniya hanyoyi uku yake juyawa: ya ɗaga hanci ko ya sunkuyar, ya karkata hanci hagu ko dama, ya mirgina a kan fiffike. Jirgin sararin samaniya yana da waɗannan ukun, sannan ga wasu uku a kai: tafiya gaba da baya, zamewa gefe hagu ko dama, da tashi sama ko sauka ƙasa ba tare da hanci ya motsa ba. Motsi shida ke nan. Linzami biyu kawai yake iya riƙewa, sauran huɗun sai a ɗora wa kibod. Maɓallin kibod kuwa ba ya san kaɗan-kaɗan, ko dai an danna shi injin ya ba da ƙarfinsa duka, ko an sake shi ya mutu. Sanda kuma gwargwadon yadda ka tura ta, gwargwadon ƙarfin da injin zai bayar. T.16000M ita kaɗai tana riƙe motsi huɗu: gaba da baya, hagu da dama, murɗa maƙama, da ɗan totur mai zamewa da ke gindinta.

A wajen harbi kuwa labari ya sha bamban. Linzami nisan tafiyar hannu yake aunawa, saboda haka ƙaramin gyara na yatsu da wuyan hannu yake buƙata, kuma babu abin da ke ture shi ya koma. Sanda tana da sifirin da ke jan ta zuwa tsakiya, kuma abin da take faɗa wa jirgi shi ne saurin juyawa. Kafin hanci ya tsaya a kan abokin gaba, sai ka tura, ka jira, ka saki a daidai lokaci. Idan sakin ya makara ko da ɗan ƙiftawa, hanci ya wuce, ka dawo, ya sake wucewa. Wannan kai-komon shi ne babban abin da ke karya gwiwar sababbin masu sanda. A Elite Dangerous bindigogi kashi uku ne: masu tsayawa cak inda hanci ya kalla, masu ɗan bin abokin gaba da kansu, da masu juyawa ko'ina. Masu tsayawa cak sun fi ƙarfin duka, kuma tarkacen ruɗin da abokin gaba ke watsawa don ɓatar da saiti ba ya tasiri a kansu. Mai son rail gun ko plasma accelerator, waɗanda a tsaye cak suke zuwa, zai fi samun abin da ya harba da linzami. Mai amfani da bindigogi masu bi da kansu ba zai ga bambanci sosai ba, domin sun yafe masa kuskuren hannu.

Sai dai linzamin ma sai an daidaita shi. A wasan yana aiki iri biyu. Na farko, yana zama kamar sanda ta boge: idan ka ja shi daga tsakiya, jirgi zai ci gaba da juyawa har sai ka mayar da shi da kanka. Matsalar ita ce hannu ba ya jin inda tsakiyar take. Maganinta a kunna Show Mouse Widget, wanda ke nuna ɗan alama a fuskar kwamfuta, a kuma ware maɓalli guda ga Reset Mouse. Na biyu shi ne Relative Mouse, inda alamar ke komawa tsakiya da kanta da zarar hannu ya tsaya. Wannan shi ne ya dace da masu kashe Flight Assist, wato tsarin da ke tsayar da jirgi idan an saki komai. Idan an kashe shi, duk juyin da ka fara ba zai tsaya ba sai ka soke shi da juyi na kishiya, kuma ƙananan taɓe-taɓen linzami sun fi dacewa da wannan aiki. Amma idan Flight Assist na kunne, Relative Mouse wahala ce, domin doguwar kwana tana sa ka yi ta ɗaga linzami kana sharar tebur. A Windows a cire alamar Enhance pointer precision, a sa DPI, wato ma'aunin saurin linzami, tsakanin 800 da 1600, sannan a gyara sauran a cikin wasan. A ɗora karkata hanci a kan motsin linzami na hagu da dama, mirginawa kuma a kan A da D. Amma a sani cewa da gangan aka sa karkata hanci ya yi nauyi a wannan wasa. Kwana mai sauri ita ce ka mirgina har abokin gaba ya koma saman kanka, sannan ka ɗaga hanci.

Yanzu ga sandar kanta. Abin da ya sa T.16000M ta yi fice a cikin masu araha shi ne ma'aunin da ke gindinta na maganaɗisu ne, ba ya gogar komai, don haka ba ya cinyewa. Kamfanin ya ce yana gane matsayi 16,000 a kowane ɓangare. A aikace abin da hannu ke ji shi ne tsakiyar ba ta rawa, kuma ana iya barin Deadzone, wato ɗan yankin tsakiya da wasan ke yin biris da motsin sanda a cikinsa, ƙasa sosai, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Logitech Extreme 3D Pro, wadda ta fi ta araha, tana amfani ne da ma'auni mai goga irin na murɗa sautin rediyo, wanda idan ya tsufa ko ƙura ta shige shi yakan fara rawa. Maɓallan T.16000M guda 16 ne, amma 12 suna gindi, 4 kawai ke kan maƙama, tare da ɗan maɓallin babban yatsa mai fuskoki takwas. Wannan rabo bai yi mini ba ko kaɗan. A tsakiyar faɗa hannu ba ya sauka gindi, kuma Elite wasa ne mai cin maɓallai. Ɗan maɓallin babban yatsan dole a ba shi rabon wutar jirgi tsakanin SYS (garkuwa), ENG (inji) da WEP (makamai), domin ɗigo shida na wuta ake rabawa, kowane sashe ba ya wuce huɗu, kuma ana sauya su kusan kowane daƙiƙa a lokacin gumurzu. Sauran ayyukan sai a yi dabara: a mayar da maɓalli ɗaya ya zama mai sauyi, yadda idan an riƙe shi kowane maɓalli zai yi aiki na biyu. Wasan ya yarda da haka kai tsaye, riƙe shi kawai za ka yi yayin da kake saita ɗayan.

Raunin da aka fi sanin wannan sanda da shi yana wajen murɗa maƙama. Nan ba maganaɗisu ba ne, ma'auni mai goga ne, kuma masu amfani da ita da yawa sun daɗe suna bayyana cewa yakan fara rawa bayan an sha aiki. Alamar ita ce jirgi ya riƙa karkata hanci da kansa ko ya yi fizga. Kafin a zargi wasan, a danna Windows da R, a rubuta joy.cpl, a buɗe Properties, a kalli layin murɗawa ba tare da an taɓa sandar ba. Idan yana rawa, a fara da faɗaɗa Deadzone na wannan ɓangare zuwa kashi 10 ko 12. Idan bai isa ba, masu hannu kan kwance maƙamar, su fesa wa ma'aunin ruwan wanke kayan lantarki, su kuma janye wayoyin da ke gogarsa, amma yin haka yana iya soke garanti. A lokacin hunturu, ƙura ita ce babbar abokiyar gabar irin wannan ma'auni, don haka a riƙa rufe sandar da ƙyalle idan an gama. Gindinta ma ba shi da nauyi, sifirin kuma yana da ɗan tauri, saboda haka idan aka tura da ƙarfi gefe ɗaya yakan ɗaga. A shimfiɗa mata roba mai kama tebur ko a ɗaure ta. A kuma sauke ta ƙasa da tsayin gwiwar hannu, domin sanda a kan dogon tebur kafaɗa take ci.

Toturin TWCS a kan dogo biyu yake zamewa gaba da baya. Amfaninsa a Elite a bayyane yake: jirgi ya fi saurin juyawa idan totur yana cikin shuɗin yankin nan na tsakiyar ma'aunin gudu, kuma da totur na hannu, hannun da kansa yake haddace wurin. Yana da ɗan ƙaramin sanda a ƙarƙashin yatsa manuniya, wanda ake ɗora wa zamewa gefe da tashi sama, ga kuma faranti mai lilo a gabansa da zai iya karɓar aikin karkata hanci idan murɗa maƙama ta lalace. Aibinsa shi ne dogon yakan riƙe sannan ya saki da fizga, musamman idan an danna daga sama. Akan share man da ya zo da shi a shafa giris mai danƙo irin Nyogel 767A, shafa kaɗan, ba cikawa ba. Duk da haka, a tafiyar supercruise, wato tafiya mai tsananin gudu tsakanin duniyoyi da tashoshi, maɓalli ya fi shi: a ware guda ga kashi 75 na totur, a danna shi idan agogon isowa ya nuna daƙiƙa 7, jirgi zai iso ba tare da ya zarce ba.

Inda sanda ke nuna kanta sosai shi ne shiga tasha da sauka. Ƙofar manyan tashoshi siririya ce, tashar tana juyawa, ga jirage suna fita, ga wa'adin minti 10 yana tafiya, kuma gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa yana iya jawo tara idan aka yi karo. Da ƙaramin jirgi irin Sidewinder, kibod ma ya isa. Da manyan jirage irin Type-9 ko Anaconda, bugun kibod mai cikakken ƙarfi yana sa jirgi lilo a kan filin sauka. Da sanda kuwa a hankali kake ajiye shi. Akwai sashe mai suna Flight Landing Overrides da ke fara aiki da zarar an sauke ƙafafun jirgi, a nan za a iya mayar da sandar ta riƙa zame jirgi gefe. Haka ma sanda ke nuna kanta a haƙar ma'adinai a tsakanin duwatsu da shawagi a saman duniyoyi. A doguwar tafiya kuma wuyan hannu ya fi hutawa.

Wannan ne ya kai ni ga haɗin da na fi so. T.16000M an ƙera ta ne don hannu biyu: ana kwance sukurori a sauya matattarar hannu da ta babban yatsa da waɗanda suka zo a kwali, sannan a tura ɗan makunnin da ke ƙarƙashin gindi zuwa hagu. Sai a ɗora mata tafiya gaba da baya a kan turawa, zamewa gefe a kan hagu da dama, mirginawa ko tashi sama a kan murɗawa. Linzami a dama ya riƙe hanci da harbi. Ta haka motsi biyar cikin shida sun zama na gwargwado, na shidan kuma ya hau maɓallan gefen linzami. Abin da za a rasa shi ne jin cewa kana zaune a kujerar matuƙi, kuma ba na raina wannan, domin mutane da yawa saboda shi suke wasan. Ga wanda wannan ne burinsa, sanda da totur ne amsarsa, ya dai shirya yin makonni yana harbi a banza kafin hannu ya faɗa.

Wasan da za a yi ma yana da ta cewa. Freelancer na 2003 don linzami aka gina shi, bai ma zo da tsarin sanda ba. FreeSpace 2 na 1999 a zamanin sanduna aka yi shi, kuma da sanda ya fi daɗi. Ba ya kuma buƙatar intanet, saɓanin Elite da ba ya tashi sai da intanet ko da kai kaɗai za ka yi wasa, don haka wuri ne mai kyau na horar da hannu ba tare da ƙona data ba.

Elite ba shi da wurin lanƙwasa amsar sanda a cikinsa, Deadzone kawai ya bayar. Mai son tsakiyar ta yi laushi, wanda shi ne ainihin maganin kai-komon saiti, sai ya yi amfani da manhajar T.A.R.G.E.T ta Thrustmaster, ko Joystick Gremlin tare da vJoy, manhajar da ke ƙirƙirar sanda ta boge a cikin kwamfuta. Idan aka bi ta biyun, sai an ɓoye sandar gaske da HidHide, in ba haka ba wasan zai ga sanduna biyu yana karɓar umarni daga kowacce. Kuma a tabbata an jona sandar kafin a buɗe wasan, domin idan bai gan ta ba yakan ɓoye tsarin maɓallan da ka sha wahalar shiryawa ya koma wani. Fayil ɗin tsarin maɓallan yana cikin AppData\Local\Frontier Developments\Elite Dangerous\Options\Bindings. A kwafe shi a ajiye wani wuri da zarar an gama saiti, a kuma sake kwafewa kafin kowane babban sabuntawa na wasan.