Alƙalamin kara da tawadar da na saya a Kurmi

Satin da ya wuce na shiga kasuwar Kurmi neman alƙalami da tawada, so nake in rubuta wa Baffa wasiƙa da ajami, shi boko bai dame shi ba, saƙon murya na WhatsApp kuwa cewa yake surutu ne kawai. A wajen masu allo da gafaka na samu wani dattijo, na ce Baba tawada nake so, ya ce ta allo ko ta takarda ɗana? Wallahi ni ban ma san da bambanci ba. Ashe ta allo gawayi ne da ƙaro, an yi ta ne don a wanke, yambari ita ce ta takarda, da bagaruwa ake dafa ta shi ya sa take kama jiki, baƙinta kuma da ɗan ja-ja a ciki. Ya haɗa min da kurtu da alƙaluma biyu, ya fiƙe su a gabana da aska, duka kuɗin bai kai na datar da nake ƙonawa a sati ba.

Alƙalamin nan shi ya fi burge ni gaskiya. In ka ja shi a kwance layin ya yi kauri, ka ɗan karkata hannu sai ya sirance, harafin lam jaye ya fito da wutsiyarsa zar, ɗa mai hannu ya tsaya kamar mutum, biro ba ta taɓa ba ni wannan ba ko sau ɗaya. Har inda tawada ta fara ƙarewa ka sake tsomawa ana gani a jikin takardar.

Amma fa sai da haƙuri, kalma biyu uku ka koma kurtu. A takardar littafin makaranta tawadar yaɗuwa take yi, sai da na ɓata guda huɗu kafin na nemo mai kauri, ɗaya alƙalamin kuma bakinsa ya tsage tun ina kan "Takarda ta fito daga hannun". Farar rigata ma ta samu rabonta.

Direban garinmu na ba wasiƙar ya kai masa. Jiya sai ga Baffa ya kira, ya ce ya gane hannuna tun kafin ya kai ga sunan, wai har yanzu kaf lasan ɗina a karkace yake kamar lokacin da nake makarantar allo. Asabar zan koma in ƙaro alƙaluma, wannan karon biyar zan saya.