Wasiƙun ofis a Jidda da Makka: me ya cancanci kuɗinka?

Yawancin ofisoshin 'yan uwanmu a ƙasar Saudiyya ƙanana ne: na jigilar kaya a wajejen Bab Makka, na hidimar masu Umra a Misfala, na saye da sayarwa tsakanin Jidda da Kano. Ma'aikata uku ne ko huɗu, kuma duk wanda ya fi kusa da ƙofa shi ke karɓar takarda. Idan mai ofis ya tashi gyara wannan harka, yakan fara da tambayar wane kamfanin aika saƙo ya fi arha. A ganina wannan tambaya a ƙarshe take. Abin da ya kamata ka biya wa kuɗi shi ne shaida: in takarda ta ɓata, wa ya karɓa, yaushe, kuma a hannun wa ta tsaya.

Fara da inda za a same ka. Ko ka kama hayar akwati a gidan waya, wanda tun 2021 ake kira SPL, ko ka dogara da adireshin ƙasa, Unwan Watani, a riƙa kawo maka har ƙofa. Adireshin ƙasa dai dole ne. Banki da ma'aikatun gwamnati suna neman sa, hukumar sufuri kuma ta sanar cewa daga farkon 2026 kamfanonin aika kaya ba za su karɓi ƙunshi ba sai da shi. Ya ƙunshi lambar gini mai alƙaluma 4, sunan titi, unguwa, gari, lambar yanki mai alƙaluma 5 da ƙarin lamba mai 4. Akwai kuma gajerensa, haruffa 4 da alƙaluma 4. Shi za ka buga a saman takardar ofis, ka huta da kwatancen "bayan masallaci, daura da bakala". Akwati kuwa ya rage naka. Yana da amfani ga mai yawan ƙaura, bana yana Sharafiyya baɗi yana wata unguwa, domin lambar akwatin ba ta canjawa. Amma sai an tura mutum ya duba, kuma kamfanonin gaggawa ba a akwati suke ajiye saƙo ba, waya suke kira su kawo hannu da hannu. In ofishinka ya zauna wuri guda, bar kuɗin hayar a aljihu.

Wani abu da ake mantawa: takardun hukuma da yawa sun daina zuwa a ambulan. Maganar ma'aikata tana shafukan intanet na Qiwa da Muqeem, haraji yana wurin hukumar ZATCA, shari'a tana shafin Najiz, kuma sammacin da aka turo ta saƙon waya zuwa lambar da ke Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ana ɗaukarsa ya iso. Saboda haka kada ka ɗora komai na ofis a kan lambar yaron da gobe zai iya komawa gida da bizar fita ta dindindin, wato khuruj niha'i.

Sai abin da ke fita. A cikin gari, takardar da za a kai Gurfa Tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, a buga mata hatimi, ko ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ƙafa take so. Mu'akkib, wato mai bi wa mutane takardu a ma'aikatu, ya san tagar da ake tsayawa da lokacin da ake rufewa, shi ya sa ya fi direba tsada. In irin wannan aiki bai wuce sau biyu ko uku a wata ba, biya shi kan kowane aiki ya fi ka ɗauke shi da albashi.

Tsakanin garuruwa, zaɓin yana tsakanin SPL da kamfanoni irin su SMSA, Aramex da Naqel. Dukansu suna ba da lambar bin sawun saƙo. Wasiƙa mai rajista ta gidan waya ta wadatar ga abin da ba ya sauri amma ana son shaidar isarsa, Barid Mumtaz kuma, wato saƙon gaggawa na gidan waya, ga mai sauri. Kamfanoni sun fi daɗi wurin zuwa su ɗauka daga ofishinka. Kafin ka buɗe asusun wata-wata da kowanne, tambayi abu uku: farashin nan har da harajin kashi 15 cikin 100? Akwai ƙarin kuɗin mai? Akwai ƙari ga ƙauyukan da suke kira masu nisa? Sau da yawa arhar da ke kan takardar talla a nan take narkewa. Ka sani kuma ba nauyin sikeli kaɗai ake dubawa ba. A jigilar gaggawa ta jirgi, DHL alal misali, ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 5000. Kwali mai 40 da 30 da 20 kuɗin kilo 4.8 za ka biya, ko da soso ne a ciki.

Zuwa Najeriya ko Nijar, kowa ya san hanyar da ta fi arha: a ba wa mai komawa gida ya riƙe. Ga kwafin da za a iya sake bugawa, ba laifi. Ga asalin takardar wakilci, shaidar makaranta ko takardun fitar da kaya daga tashar jirgi, a'a. Matafiyi ba ya ba da rasit, kuma mutane sun yi wayo, ba kowa ke yarda ya riƙe ambulan a rufe ya bi da shi ta filin jirgi ba, gaskiyarsu ce kuwa. Saƙon gaggawa na gidan waya yana da sauƙin kuɗi, amma da ya sauka Najeriya hannun NIPOST yake komawa, gidajen waya biyu ke nan za ka bi in ya makale. DHL ya fi tsada, sai dai kamfani ɗaya ke riƙe da saƙon daga Jidda har Kano. Asalin takarda ta cancanci wannan tsadar.

Duk wannan bai kai littafin sadir da warid, wato na takardun da ke fita da masu shigowa, muhimmanci ba, alhali shi ne mafi arha a cikin kayan. Littafi ɗinkakke mai lambar shafi za ka saya, ba mai zobe da ake zare ganye ba. Haɗa da hatimi mai juya kwanan wata. Kowace takarda ta shigo a buga mata hatimi, a ba ta lamba, a rubuta daga wa take, a kan me, wa aka miƙa wa, ya sa hannu. Mai fita ma haka, a ƙara lambar bin sawu. A rubuta kwanan Hijira da na Miladiyya tare, domin takardu a nan da duka biyun suke zuwa, kuma wa'adin kwana 30 da aka lissafa da kalandar da ba ita ba yakan sa a makara. Mutum ɗaya ne zai riƙe littafin, da na'ibi in ya tafi salla ko hutu.

Excel ya fi littafi saurin bincike, amma kowa na iya goge layi ba a gane ba, kuma ba a sa hannu a kansa. Shi ya sa na fi son a haɗa biyun: littafi don sa hannu, kwamfuta don nema. Manhajojin da ake biya duk wata na kamfani ne mai sassa da yawa, inda takarda ke ratsa tebura biyar kafin ta sami amsa. Ofishin mutum huɗu bai da abin yi da su. Haka ma injin buga kan sarki.

Sikana kam saya. Mai gilashi a shimfiɗe ya dace da fasfo da katin zama na iƙama, mai zuƙar takardu da kansa ya dace da kwantiragi mai shafi 20. Ofishin Umra na farkon yake buƙata, na jigilar kaya na biyun. Firinta mai haɗe da duka biyun, irin na Canon, Epson ko Brother da ake samu a Jarir, ya isa ƙaramin ofis. A ɗauki hoto a 300 dpi, a sa wa fayil lambar da ke cikin littafi. Injin yayyaga takarda kuma a zaɓi mai yanka gicciye, matakin P-4, domin mai yanka zare-zare ana iya harhaɗa abin da ya yanka. Kwafin fasfon alhazai ba na kwandon shara ba ne, balle dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumban 2023.

Tun 2013 Juma'a da Asabar ne hutun mako, don haka abin da aka miƙa da yammacin Alhamis yana iya kwana har Lahadi. Tambayi kamfanin ƙarfe nawa motarsu ta ƙarshe ke tashi ranar Alhamis, da yadda suke aiki a goman ƙarshe na azumi da kwanakin Hajji, lokacin da shiga Makka sai da takardar izini, wato tasrihi. Amsar a rubuce za ka nema, cikin takardar yarjejeniya, kafin ka sa hannu.