OCT da Fotoakustik: Wanne Ya Fi Leƙa Cikin Jiki?

Malama, kin tambaya ko na'urar OCT, mai ɗaukar hoton cikin ido da haske, da aka duba idon Baba da ita za ta iya gano ƙari a nono, da kuma bambancinta da fotoakustik, wata dabarar ɗaukar hoton cikin jiki da haske da sauti.

Ki kunna tocilar waya ki ɗora yatsa a kai. Yatsar za ta yi ja jawur, amma ba za ki ga ƙashi ba. Hasken ya ratsa, sai dai ya yi ta karo da ƙwayoyin nama yana warwatsewa, kamar fitilar mota cikin hazo. Wannan ce matsalar da dabarun biyu ke fama da ita.

OCT, wadda su James Fujimoto da David Huang na jami'ar MIT a Amurka suka gabatar a 1991, tana tsince ɗan hasken da ya shiga ya dawo bai ɓata hanya ba, ta watsar da sauran. Shi ya sa hotonta yake tar, tana rarrabe abin da bai wuce maikiromita 10 ba (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), har likita ya ga hawa-hawan tantanin bayan ido. Amma irin wannan hasken ba ya nisa. Daga milimita 1 zuwa 2 ya ƙare. Ido ya dace da ita ne don gabansa garau yake.

Fotoakustik kuwa ba ta damu da warwatsewar ba, kuma nan ne ta burge ni. Ana harba walƙiyar leza, jini ya sha hasken, ya ɗan ɗumama, ya kumbura, ya fitar da sautin da kunne ba ya ji. Na'ura irin ta sikanin ce ke kama sautin ta mai da shi hoto. Da yake sauti ba ya warwatsewa cikin nama kamar haske, ana kaiwa zurfin santimita da dama, a ga jijiyoyin jini har da yawan iskar oksijin da ke cikinsu. Tun 1880 Alexander Graham Bell ya gano haske na haifar da sauti, amma sai da leza ta samu aka ci moriyar abin sosai. Illar fotoakustik, kaifin hoto na raguwa gwargwadon zurfi, kuma har yanzu ta fi yawa a ɗakunan bincike.

Don haka OCT ba za ta kai ga ƙarin da ke cikin nono ba. Fotoakustik na kaiwa, amma idan akwai kullutun da ke damun ki, kar ki jira ta. Ki je asibiti a yi miki mamogiram, wato hoton X-ray na nono, ko sikanin.