Sharhi kan gidan motsa jikin unguwarmu da lokacin mata na bayan asuba

Masu tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu a gidan motsa jikin da nake zuwa, amsar ita ce ta biya, kuma mace guda ce ta sa ta biya, wato kocin da ke kula da lokacin mata. Gidan motsa jikin yana tsakanin unguwannin Nima da Mamobi a Accra, a saman wani bene mai shaguna a ƙasa. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba za su yi wa mai shi daɗi ba, ko da yake na riga na faɗa masa su baki da baki. Tun kafin hunturun da ya wuce na yi rajista, kuma har yau ina zuwa.

Ɗinki nake yi, shekaruna sun haura 40. Duk wadda ta san keken ɗinki ta san abin da yake yi wa ƙugu da wuya, musamman idan sallah ta gabato. Da aka gwada jinina a asibiti aka ga yana taɓa 140/90, ma'aikaciyar jinya ta ce daga nan hawan jini ke farawa, in rage gishiri da dunƙule, in riƙa motsa jiki. Rage gishiri a hannuna yake. Motsa jikin ne ya gagara, saboda yawancin wuraren ɗaga ƙarfe da na sani a zangonninmu na samari ne: rumfar kwano, ƙarafunan tsofaffin motoci da siminti da aka zuba a gwangwani, maza babu riga. Ina girmama ƙoƙarinsu, amma matar aure ba za ta shiga can ba.

A nan an ware wa mata lokaci daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 7:30, kwana uku a mako, da kuma safiyar Lahadi. Ana rufe ƙofa, a saki labule a tagogi, namiji ba ya hawowa ko da mai gidan ne. Mai son cire hijabi ta cire, mai son barinsa ta bari, babu mai kallon wata. Ana iya biyan kuɗin yini ko na wata, a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma na yini bai wuce kuɗin farantin waakye, wato shinkafa da wake, mai ƙwai da kifi ba. Na wata ya fi sauƙi ga wadda ta tabbata za ta jure.

Ranar farko kocin ba ta bar ni na taɓa ƙarfe ba. Yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, amma ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyi: haihuwa nawa, akwai tiyata, wane magani nake sha, ina ke ciwo idan na tashi da safe. Sannan ta jawo benci ta ce in zauna in tashi ba tare da dafa komai ba. Ta durƙusa a gabana tana kallon ƙafafuna. Da na zo tashi sai gwiwoyina suka karkata ciki, diddigena ya ɗaga. Ta sa tafin hannunta a gefen gwiwata ta waje ta ce, "Hajiya, ture hannuna. Ki danna diddige a ƙasa, ƙugu ya fara komawa baya kafin gwiwa ta lanƙwasa." Na ture, na tashi, sai na ji aikin ya koma cinya da ɗuwawu, gwiwar ta yi shiru. A wannan benci na yi kwanaki kafin ta miƙo mini dumbel, ƙaramin ƙarfen hannu, mai kilo 4 in rungume a ƙirji.

Tsarinta ba shi da yawa. Tsuguno, ɗaga nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, turawa da hannu wanda ake farawa a jikin bango kafin a sauko benci, jawo roba zuwa ciki, sai ɗaukar nauyi a hannu biyu a yi tafiya da shi daga bango zuwa bango. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita har zagaye uku. Kowace mace tana da shafinta a wani littafi mai baƙin bango, a nan take rubuta nauyin da aka ɗaga. Ranar da 12 ta zo da sauƙi a duk zagayen, sai ta ƙara kaɗan. Wannan ƙarin na kaɗan-kaɗan shi ne sirrin abin, domin tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan a bar ta ta huta. Shi ya sa ba ta yarda a yi ƙarfe kwana biyu a jere. Ciwon jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ma ta gargaɗe mu tun kafin ya zo, ta kuma bambance mana shi da ciwo mai suka a gaɓa, wanda ta ce idan an ji shi a tsaya nan take.

Akwai maganar da ke yawo a gidajen suna da biki, wai ƙarfe yana mayar da jikin mace na namiji, ko yana saukar da mahaifa. Wannan magana tana damuna ƙwarai, don ta hana mata da yawa abin da zai amfane su. Sinadarin da ke kumbura tsokar maza, na mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasu ba, don haka dumbel mai kilo 8 ba zai sauya wa kowa halitta ba. Kuma mu da muke ganin 'yan kayaye, mata masu dako, a kasuwannin Makola da Agbogbloshie ɗauke da kayan da namiji zai yi nishi kafin ya ɗora musu, mu da muke hawa da bokitin ruwa goye da yaro, mun san mace ba baƙuwar nauyi ba ce. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda za mu ɗauka ba tare da mun kashe bayanmu ba. Ga kuma batun ƙashi: bayan al'ada ta ɗauke, ƙashin mace yana saurin yin rauni, kuma ɗaukar nauyi na cikin abubuwan da ke rage wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, kuma ba ta ware mata ba. Mai juna biyu ko wadda aka yi wa tiyata ba da daɗewa ba, kocin ba ta karɓarta sai da izinin likita, kuma hakan ya ƙara mini yarda da ita.

Gudu kuwa, gidan ba shi da abin a zo a gani. Na'urar gudu biyu ce, ɗaya ta daɗe a lalace an yafa mata zane, ɗayar kuma ana layi a kanta. Idan aka ɗauke wuta shi ke nan, babu janareta. Kocin ce ta fitar da mu waje ranar Lahadi. Mukan taru wajen filin Kawukudi da duku-duku kafin motocin trotro su cika hanya, mu yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa. Irin tsarin nan ne na mako 9 da hukumar lafiyar Ingila ke yaɗawa, wanda ke kai mutum ga gudun minti 30 babu tsayawa. Kocin ba ta ɗaure mu da mako tara ba, wadda ta ji mako ya yi mata nauyi sai ta sake shi. Ma'auninta kuwa baki ne. Takan matso kusa da ke ta ce, "Hajiya, me za ki dafa yau?" Idan kin iya amsawa da cikakkiyar jimla, saurinki daidai ne. Idan haki ya tsinka maganar, ki rage.

Sau da yawa a wata mukan haɗa kuɗin mota ranar Asabar mu je Ayi Mensah, mu hau tudun nan da ƙafa zuwa Peduase tare da ɗimbin jama'ar da ke zuwa can kowane mako. Wanda bai taɓa zuwa ba ya je ko sau ɗaya. Iskar ta fi ta cikin gari sanyi, ga Accra shimfiɗe a ƙasa, ga tsofaffi masu furfura suna wuce matasa. Hawan yana cin cinya, saukowar kuma gwiwa take nema, kuma a nan na ga amfanin tsugunon benci. Wannan fita ba ta cikin kuɗin wata, kocin ba ta karɓar ko sisi a kanta.

Takalmi kaɗai ta matsa mana a kai. Na sayi nawa na gwanjo a kasuwar Kantamanto, bisa shawararta: a je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, a juya shi a duba ko ƙasan ya cinye ta gefe ɗaya. Wanda ya cinye a ajiye shi ko da ya fi kyau.

Yanzu ga inda gidan ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Na farko zafi. Rufin kwano ne, fanka uku, tagogin kuma a rufe da labule saboda mu. Accra gari ne na bakin teku, iskarsa cike da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. A watan Maris, kafin ƙarfe bakwai ɗakin ya zama abin tsoro ga mai hawan jini. Na ga wata baiwar Allah ta zauna daɓas jiri na ɗibarta, kuma babu na'urar awon jini ko guda a gidan, babu akwatin agajin gaggawa. Ruwan leda ma sai an sauka ƙasa an saya. Da hunturu kuma ƙura ke kwanciya a kan tabarmi, wani lokaci mu muke sharewa kafin mu fara. Banɗaki ɗaya ne, babu wurin wanka, wadda za ta wuce kasuwa dole ta koma gida tukuna.

Kayan aikin ma da maza aka saye su a zuciya. Sandar ƙarfen mai kilo 20 ce, babu mai kilo 15 da aka saba tanadar wa mata, wadda ta fi siriri a hannu. Faifan nauyi ƙanana babu, daga mai kilo 5 sai mai 10, don haka wadda ta shirya ƙara kilo biyu sai ta yi tsalle zuwa goma, biyar a kowane gefen sanda, ko ta tsaya inda take. Kocin takan cike giɓin da robobin ruwa da ta cika da yashi ta auna a sikelin mai shago. Dabara ce mai kyau, amma ba ita ya kamata ta yi wannan ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne teburin da ke bakin ƙofa. An jera shayin rage ƙiba, da ɗamarar roba ta matse ciki, da wasu gwangwanaye marasa lambar hukumar kula da abinci da magunguna. Yawancin irin wannan shayi maganin sa gudawa ne, ruwa yake fitarwa, sikeli ya sauka yau ya koma gobe. Ɗamarar kuma gumi kawai take jawowa, kitsen tumbi ba ya narkewa don an ɗaure shi. Kocin ba ta taɓa tallata mana su ba. Da wata ta tambaye ta, cewa ta yi, "Anti, kuɗin nan ki sayi ƙwai da wake da wagashi, ki rage sukari a koko." Amma sabuwar zuwa teburin take fara gani kafin ta ga koci, kuma na ga waɗanda suka saya. Gidan da mata ke shiga da amana don lafiyarsu bai kamata ya sayar musu da wannan ba.

Abin da na samu a jikina ba na ɓoyewa. Nauyina bai sauka sosai ba, kuma tun farko an gaya mini kada in sa ido a kan sikeli. Sai dai ina wuni a kan keke in tashi ba tare da dafa ƙugu ba, ina tashi daga sujada ba na neman bango, barcina ya yi nauyi. Awon jinina ya sauko, ko da yake ba zan ce motsa jiki kaɗai ya yi ba, tunda na gyara girki kuma ina bin abin da asibiti suka ce. Da azumi kocin ta rage mana nauyi da yawan zagaye, ta mayar da masu iyawa bayan tarawihi, don haka ba mu yanke gaba ɗaya ba.

Wadda ke neman wuri mai sanyin na'ura da madubai da wurin wanka, irin na unguwannin Osu ko East Legon, nan ba wurinta ba ne, kuma kuɗin can daban ne. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ta fara ganin likita, kuma ta guji watannin zafi a wannan ɗaki. Amma matar zango da ba ta taɓa riƙe ƙarfe ba, tana son sutura da mai koya mata a hankali, ina ba ta shawara ta biya kuɗin yini ta gwada, ta zo da ruwanta da tawul, ta wuce teburin bakin ƙofa ba tare da ta tsaya ba. Ni na sabunta rajistata. Mun kuma haɗu mu matan mun rubuta wa mai gidan buƙatu uku: na'urar awon jini, ƙarin fanka, da ƙananan faifan nauyi. Ya kawo fanka ɗaya, sauran biyun ya ce sai ƙarshen wata.