Gargaɗi: kibod da maus sun tsaya bayan sabunta Windows, kada a sayar muku da sabon bod

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a ke ta komawa Windows 11, kuma wasu na tarar da kibod ko maus sun ƙi motsi da zarar an gama. Wasu masu gyara sun mayar da wannan hanyar cin abinci. Kana miƙa laftof, kafin ma a kunna ta sai ka ji an ce bod, wato babban farantin da ke haɗa dukkan kayan cikin kwamfutar, ya ƙone, ko IC ɗin kibod ya mutu, ka bar ta ka dawo jibi. Ka dawo ka biya kuɗin bod alhali direba, wata ƙaramar manhaja, kawai aka saka, aikin da bai kai minti 20 ba. Wanda ya fi rashin imani kuma ya buɗe ta ya zare RAM mai giga 16 ya maye da mai 8, ko ya canza SSD da batir da tsofaffi, tunda ya san ba kowa ke dubawa ba.

Sabunta Windows ba ya ƙona ƙarfe. Abin da yake taɓawa direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da kibod, da wurin shafa yatsa, da ramukan USB. Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama, kuma a gida za ka yi shi: kashe kwamfutar gaba ɗaya, kunna ta, nan take ka dinga danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi. A HP F10 ne, a Dell da Acer F2, a Lenovo F2 ko F1, a yawancin kwamfutocin tebur Del. In ka shiga kuma kibiyoyin sama da ƙasa suna yawo, kibod lafiyarsa lau, bod ma haka, domin a wannan wurin Windows bai ma tashi ba. Ka ɗauki bidiyon hakan da wayarka kafin ka fita daga gida. Dalilin bidiyon shi ne, kibod ɗin laftof siririn ribon ne ke haɗa shi da bod, kuma macuci na iya zare ribon ɗin a bayan kanta, ya shiga BIOS a gabanka ya ce ga shi nan, ko a nan ma ba ya aiki.

In BIOS ya nuna lafiya, fara da masu sauƙi. Cire caja da duk abin da ke jikin USB, riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ka kunna. Jona kibod da maus masu waya kai tsaye a jikin kwamfutar, ba ta reshen USB ba, ka gwada kowane rami. Na Bluetooth sau da yawa sai an sake haɗa su. Riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys, wanda ke sa kibod ya dinga yin biris da dannawa kamar ya mutu. Ana kashe shi a Settings, ƙarƙashin Accessibility. Wurin shafa yatsa kuma yana da nasa maɓallin kashewa a jerin F, wani lokaci shi aka taɓa bisa kuskure.

Bayan nan sai Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfutar. Duk na'urar da ke da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa ita ce mai matsalar. Cire ta daga jerin da Uninstall device, sake kunna kwamfutar, Windows zai mayar da direbanta. In wurin shafa yatsa ne ya ɓace a laftof mai Intel, yawanci direban Serial IO ne babu, kuma ana sauke shi kyauta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. In duk sun ƙi, Windows na ba ka kwana 10 ka koma tsohon tsari: Settings, System, Recovery, sai Go back. Wannan ya dogara da babban fayil mai suna Windows.old, don haka mai gyaran da ya yi saurin cewa a yi fomat ya rufe maka wannan ƙofar, ga kuma asarar takardunka.

Akwai matsala ta gaske da ya kamata a sani. Sabuntawar KB5066835 ta Oktoba 2025 ta hana kibod da maus na USB aiki a shuɗin shafin gyara na Windows 11, nau'in 24H2 da 25H2, ko da yake a cikin Windows kansa suna aiki. Microsoft ta fitar da KB5070773 a ranar 20 ga watan ta gyara. Kyauta ne ta Windows Update. Wanda ya caji kuɗin kayan gyara a kan wannan ya ci haram.

Kashi na biyu na damfarar a intanet yake. Mutum na neman mafita da wayarsa ko wata kwamfuta, sai ya faɗa shafin da ke cewa ya sauke manhajar gyara direbobi, ta nuna masa kurakurai masu ja birjik, ta nemi lambar katinsa na banki. Wasu kuma su nuna lambar waya wai ta Microsoft, ka kira su sa ka saka AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, ka karanta musu lambar da ta fito. Daga nan suna ganin allonka suna sarrafa shi, har manhajar banki da kalmomin sirrin da burauza ta adana. Saƙon kuskure na Microsoft ba ya zuwa da lambar waya, kuma ba sa kiran kowa haka siddan.

In dole sai an kai wa mai gyara, ɗauki hoton shafin BIOS da ke nuna lambar siriyal da girman RAM, yawanci har da sunan SSD. In kibod na waje yana aiki, rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt ka adana rahoton batir. In an kulle faifan ajiyarka da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, nemo makullinsa mai lamba 48 daga asusunka na Microsoft, domin in an canza bod da gaske, faifan da aka kulle zai nemi wannan lambar, kuma lasisin Windows ɗin da ya zo da kwamfutar a jikin tsohon bod yake. A buɗe ta a gabanka, a rubuta maka rasit da sunan abin da aka canza, ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka tafi da shi. Kafin ka biya, sake shiga BIOS ka gwada abin da ke ciki da hotunan da ke wayarka.