Kaduna: Bikin Al'adu Ko Rumfar Kasuwa?

Tun rikicin addini na shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista. Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada da Rigasa, Kirista a Sabon Tasha da Barnawa. Me ƙaramar hukuma za ta yi don ta haɗa kansu?

Bikin al'adu yana da armashi: Gbagyi su buga ganga, Bajju su taka rawa, a ɗauki hoto. Kafin magariba kowa ya koma unguwarsa.

Ni dai na fi karkata ga kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota. A raba rumfuna a gauraye, mai doya kusa da mahauci, kullum suna canjin kuɗi da tsaron kayan juna. Matsalarta ɗaya, kansila kan fifita nasa wajen rabo.